Yatsun Baban Rumaisa

Duk wanda ya ce muku neman biza takardu ne kawai da haƙuri, to bai auri manomin rake ba. Ni na aura. Kuma a shekarar da za mu taho Ingila, abin da ya kusa raba tafiyata da ta mijina ba takarda ba ce, yatsunsa ne.

Sunana Badi'a, ma'aikaciyar jinya ce ni, haifaffiyar Makarfi, can bayan kasuwa. Maigidana sunansa Bilya, amma ku riƙe shi da kyau don ba za ku sake jin sa a bakina ba. Baban Rumaisa nake ce masa, da sunan 'yarmu. Ɗan Dandamisa ne, gidan Malam Inuwa mai mazarƙwaila, Allah ya jiƙansa. Ya gama sakandare, yana jin Turanci daidai gwargwado, amma tun yana ƙarami hannunsa bai san wata sana'a ba sai rake. Da aka sa ranar aurenmu ƙawayena na makarantar jinya sun yi mini tsiya har sun gaji, wai duk ma'aikatan da ke Zariya ban ga kowa ba sai mai warin hayaƙi. Su ne suka san wari. Ni ƙamshi nake ji, na ruwan rake da ya daɗe a kan wuta, irin wanda ko an wanke riga ba ya fita.

A gidansu muka zauna. Kullum da safe ya ɗauke ni a babur ya kai ni bakin titi in hau motar asibiti, shi kuma ya gangara fadama. Da rani, lokacin yankan rake, Dandamisa takan koma wani gari daban. Injin matsa yana ta kuka tun da hantsi, ƙudan zuma na bin kowa, yara duk haɓarsu ta yi danƙo, masu saye daga Kudan da Ikara sun jera motocinsu a gindin mangwaro suna jira. Baba, wato surukina, yana zaune a kan kututture kusa da murhu da ludayinsa mai dogon hannu yana kwashe kumfa, ba ya magana sai ta kama dole. In dahuwa ta kai, kai kawai yake ɗagawa. Sai 'ya'yansa biyu, Yaya Tukur da Baban Rumaisa, su naɗe hannu da tsumma, su kama kunnuwan babban kaskon, wannan nan wancan can, su sauke shi daga wuta, a zuzzuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Haka na tarar ana yi, kuma a wautata na ɗauka haka za a yi ta yi har abada.

Aikin Ingila ni na nema, ba wanda ya tura ni. Na gaji da karɓar haihuwa da fitilar waya a baki. Na yi jarrabawoyinsu, na faɗi ɗaya na sake, har Allah ya sa wani asibiti ya ɗauke ni. Suka ce in fara aiki a ƙarshen Fabrairu, in na wuce lokacin gurbin na wata ne. Suka kuma ce zan iya tafiya da mijina da 'yata a kan bizata. Baban Rumaisa ya yi kwanaki yana juya maganar, sannan wata rana yana ɗaure takalmi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ba zan ce ki zauna ba, kuma ba zan bar ki ki je ƙasar da ba ki da kowa ke kaɗai ba. Sai mu tafi."

Ni ma na riga na yanke nawa hukuncin. Na ga matan da suka tafi a kan cewa maigida zai biyo baya, yau shekara nawa ana auren ta waya. Na yi wa kaina alkawari ko mu hau jirgi tare, ko kada kowa ya hau.

Da ya je gaya wa Baba, ina tsakar gida ina tankaɗe, kunnena yana zaure.

"Mace ce za ta ɗauke ka ke nan," in ji Baba.

"Aiki ta samu, Baba."

"Na ji ta samu. Kai fa, me za ka je yi?"

"Zan nemi nawa in mun isa."

"Wanda ke nan ya ƙare ne?"

Daga nan Baban Rumaisa ya tashi ya fito. Baba bai hana ba, amma bai ce Allah ya sa alheri ba, kuma duk wanda ya san tsohon ya san gara ya yi faɗa da ya yi irin wannan shirun. A da in na durƙusa gaishe shi da safe yakan ce, "Malamar asibiti, ya masu jiki? An dai bar wasu da rai ko?" Daga ranar sai "Lafiya" kawai, ya ci gaba da jan carbinsa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ina ƙaunar tsohon nan.

A watan Disamba muka je Abuja, ofishin da ake ɗaukar hoto da zanen yatsu. Baban Rumaisa ya sha shaddarsa ta sallah, sai ka ce shi ne zai ba da bizar. Ni aka fara kira. Na ɗora yatsuna a kan gilashin na'urar, ta kawo koriyar wuta, shi ke nan. Rumaisa hoto kawai aka yi mata. Da aka zo kansa, yarinyar da ke teburin ta danna yatsunsa, wuta ta kawo ja. Ta goge gilashin, ta goge yatsun, ta sake, ja. Ta ce ya hura musu iska, ya hura. Ta kama da hannunta ta danna har sai da ta tashi tsaye, ja dai. Daga ƙarshe ta juya tafin hannunsa ta duba, ni ma na leƙa. Shekara da shekaru ina riƙe hannun nan ban taɓa yi masa kallon ma'aikaciyar asibiti ba sai ranar. Kaifin ganyen rake da zafin kasko sun cinye zanen tas, yatsun sun yi sumul kamar bayan cokali, sai 'yan tsage-tsage nan da can.

Shi kuwa dariya ya yi. "Ai ko na'urar zaɓe ba ta kama ni," ya ce mata da Turancinsa. "Mu manoma da biro ake rubuta mu."

Ba ta yi dariyar ba. Ta kira wani babba, ya duba, ya tambayi sana'arsa, ya gyaɗa kai. Ya ce fata tana dawowa in an bar ta ta huta. Kada ya taɓa aikin ƙarfi, kada ya taɓa zafi, ya yawaita shafa mai, mu dawo a ƙarshen Janairu. In ranar ma ba ta kama ba, sai an tura maganarsa sama, kuma wannan yana iya cin watanni. Tun kafin mu fito ƙofa na gama lissafi. In ba ta kama a Janairu ba, Fabrairu ta wuce mu.

Ga shi kuwa ana tsakiyar yankan rake.

Muna dawowa na shimfiɗa doka, kuma ni in na shimfiɗa doka ba na naɗewa. Ba adda, ba fartanya, ba gatari, ba igiyar guga. Safe da yamma in zaunar da shi in mulke masa hannu da man kaɗanya, in zura masa safar hannu ta auduga don man ya zauna. Ranar farko yana ta barkwanci, wai ashe haka masu kuɗi ke ji. Kwana biyu da ya leƙa teburin Iliyasu mai shayi sai barkwancin ya koma kansa.

"Jama'a a matsa, ga amarya nan!" in ji Iliyasu. "A ba ta benci, kada lallen ya goge."

"Yaushe ne kamu?" in ji wani. "A gaya mana da wuri mu yi anko."

"Ku bar shi, koyo yake. In sun je can ai shi ne mai wanke-wanke da goyon yarinya."

Ya dawo yana ba ni labari yana dariya, amma dariyar iyakarta haƙora. Bai ƙara zuwa teburin ba. Ni ma ban tsira ba. Faccalata Jamila, matar Yaya Tukur, ta tare ni a bakin rijiya a gaban mata ta ce, "Badi'a, don Allah ki sammana asirin nan da ake ƙunsa wa miji lalle ya zauna." Na ce mata ai ba asiri ba ne, miji ake fara samu mai hannun da ya yi aiki har ya goge. Aka sa shewa, ta bi ni da guga. Da ma haka muke da ita, kuma yau da za a ba ni zaɓi da na ba da abubuwa da yawa in sake tsayawa a bakin rijiyar nan muna cacar baki.

Wasan mutane mai sauƙi ne. Zaman ne ya so ya kashe shi. Mutumin da tun da ya yi wayo rana ba ta taɓa fito masa a gida ba, yanzu ga shi a zaure tun safe, hannuwa a cinya, yana jin kukan injin daga fadama. In iska ta kaɗo ƙamshin dahuwa sai ka ga ya ɗaga hanci. "Ya kusa," zai ce. Ko kuma, "Sun cika wuta, zai yi duhu." Abinci ya daina shiga masa. Ya rame, ya koma mai saurin fushi, har Rumaisa ta fara raɓewa ta bayansa. Wata rana na dawo daga aiki na same shi a bayan ɗaki da karan rake a kan cinya, bai fere ba, bai karya ba, yana dai riƙe da shi. Tausayi ya kama ni. Na ɗauko wuƙa na fere, na yayyanka ƙanana na zuba a kwano na miƙa masa. Ya daɗe yana kallon kwanon.

"Yau ni ake fere wa rake," ya ce. Bai ci ba, ya ba yara.

Amma babban abin da ke cin sa shi ne Baba. Da aka rasa mai kama kunnen kasko na biyu, Yaya Tukur ya ce a ɗauko Ashafa, wani maƙwabci mai ƙarfi, a riƙa biyansa. Baba ya ce tun zamanin da doki ke juya injin ba a taɓa ba bare kunnen kaskon gidan nan ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Ya ajiye ludayi ya naɗe hannu da tsumma da kansa. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, mai ciwon gwiwa, wanda sai ya dafa bango yake tashi daga sujada. Kowa ya san ba don babu mafita ba ne. Fushi ne, kuma so yake ɗansa ya gani. Ya kuwa gani, don kullum da yamma Baba zai shigo yana jan ƙafa, ya wuce shi a zaure ko kallo babu.

A kan haka muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na zo da man kaɗanya da yamma, ya janye hannunsa.

"Ya isa haka. Ubana yana ɗaga kasko, ni ina zaune da safa a hannu kamar mai jego."

"Saura kaɗan fa. Dubi, zanen ya fara fitowa."

"Ki tafi ke da yarinya. In an gama rake in huta, in biyo ku."

"Wane raken? In an gama wannan ai shuka za a shiga. In an gama shuka damina ta faɗi."

"To me kike so in yi? In zuba ido tsohon nan ya faɗi a kan wuta?"

Na ce masa ni ma ba na so, Allah ya sani. Amma na gaya masa gaskiyar da ke raina, ina kuka ina faɗa. Na ce tsoro nake ji. In na hau jirgin nan ni kaɗai ba zai taho ba, ba don ba ya sona ba, sai don kullum za a sami abin da ya fi ƙarfin a bari. Na ce na sani, shi ma ya sani. Bai musa ba. Da aka kira magariba ya miƙo hannun na shafa, fuskarsa tana kallon bango.

Ana saura 'yan kwanaki mu koma Abuja ya ce zai gangara fadama. Kallo kawai zai yi, in ji shi, ya rantse ba zai taɓa komai ba. Ya tuɓe safar ya cusa a aljihu, don ya ce ba zai je gaban ma'aikata da ita ba. Ranar ba ni da aiki. Ban yarda da rantsuwar ba, don haka da Jamila ta ɗauki abincin rana za ta kai, na ɗauki tulun kunu na bi ta.

Rabona da fadamar an daɗe. Komai yana nan yadda na sani, tarin rake, tarin ɓawon da aka matse ana shanyawa don wuta, hayaƙi yana tashi a miƙe. Baban Rumaisa yana tsaye a gindin mangwaro, hannuwansa biyu a baya kamar baƙon da ya zo saye. Baba ya san ya zo, amma bai ko waiwaya ba. Muka ajiye abinci muka koma gefe.

Ba mu daɗe ba dahuwa ta kai. Ruwan ya yi kauri, ya koma ja, yana ɓulɓulowa a hankali. Baba ya ɗaga kai ya dubi Yaya Tukur. Suka naɗe hannuwa, suka kama, suka ce bismillahi suka ɗaga. Taku biyu suka yi daga murhu gwiwar Baba ta ƙi. Na ga ya karkace, kaskon ya sunkuyo ta gefensa, ruwan ya taho baki.

Ban ga lokacin da Baban Rumaisa ya bar gindin mangwaron ba. Sai dai na gan shi a kansu, hannuwa a miƙe, tsirara ba ko tsumma, zai tallafi bakin ƙarfen da ya wuni a kan wuta. 

"Kul! Kada ka taɓa!"

Baba ne. Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba, ko a kan akuya. Ya bangaje ɗansa da kafaɗa, ya saki kunnen kaskon ya tura shi gaba. Yaya Tukur ya yi tsalle baya. Kaskon ya kife, dahuwar wuni guda ta malale a ƙasa tana tafasa a cikin turɓaya.

Wani ya kashe injin. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙudan zuma. Duk wanda ke wurin ya san da an bar Baban Rumaisa ya tallafa da kaskon bai zube ba, kuma ya san abin da zai sami hannun. Baba ya zauna daɓas a ƙasa yana haki. Ruwan ya fallatsar masa a ƙafar hagu, daga idon sawu zuwa ƙwauri, amma ko kallon wurin bai yi ba.

"Ka taɓa?" ya ce.

"Ban taɓa ba, Baba."

"Mu gani."

Baban Rumaisa ya durƙusa ya buɗe tafukansa. Baba ya leƙa, ya ce, "To." Sannan ya juya ga Yaya Tukur. "Gobe ka kira Ashafa."

A garinmu suruka ba ta haɗa ido da uban mijinta, balle ta taɓa jikinsa. Tun da na shigo gidan ko kwano ban taɓa miƙa masa hannu da hannu ba, a ƙasa nake ajiyewa. Amma ƙuna ba ta jira, ni kuma aikina ke nan. Na ce wa Jamila ta kawo ruwan randa, na durƙusa na kama ƙafar tsohon na fara zuba mata ruwa. Ya ɗan janye, na riƙe. Ya kawar da kai yana kallon gonar, ni ina kallon ƙafar, hawaye na zubo mini ina sharewa da kafaɗa. Can sai na ji ya yi gyaran murya.

"Malamar asibiti."

"Na'am, Baba."

"Yaushe ne komawa Abujan?"

"Ran Talata, in Allah ya kai mu."

"Ki ƙara masa man nan. Na ga babban yatsan dama bai gama ba."

Na ce to. 

Ranar Talata yarinyar nan ce dai a teburin, kuma ta gane mu. Ta ce, "Mai rake!" Ta kama hannunsa ta duba, ta ɗaga gira. Yatsu huɗu na hagu, kore. Huɗu na dama, kore. Da aka zo manyan yatsu wuta ta kawo ja. Ta goge gilashin, ta gyara masa zaman yatsan, ta danna a hankali. Kore. Ni da nake ganin kaina wayayyiya sai ga ni ina guɗa a ofishin mutane, har mai gadi ya leƙo. Baban Rumaisa ya ce alhamdulillahi. Muna fitowa ya kira Yaya Tukur ya ce a gaya wa Baba ta kama. Bizarmu ta fito mu uku a farkon Fabrairu.

Ba zan ce muku mun yi nadamar zuwa ba. Ina aikina, Rumaisa ta girma ta sami ƙanne, shi ma ya sami aiki a wani katafaren sito, inda ba a yarda ka ɗaga ko kwali ba sai da safar hannu, abin da har yau yake ba shi dariya. Muna tare, kuma abin da na roƙa ke nan. Amma duk Disamba, in gari ya yi duhu tun la'asar ruwa yana dukan taga, sai in ga ya zuba wa tagar ido. Na san inda ya tafi, don ni ma can nake. In ce, "Yanzu an kunna injin." Ya ce, "Tuni."

Ranar da za mu bar Dandamisa da sassafe ne. Mota tana ƙofar gida, an ɗaure akwatuna, mata sun cika tsakar gida ana ta koke-koke, Jamila ta fi kowa, ita da ta ce in na tafi za ta huta. Muka shiga zaure yin sallama. Baba yana kan buzunsa, ƙafar a miƙe da bandejin da na ɗaura masa da asuba. Muka durƙusa. Ya yi mana addu'a mai tsawo, ya roƙa mana tsari da arziki da zaman lafiya, ya ce mu riƙe salla, mu riƙe juna. Muka shafa. Har mun yunƙura za mu tashi sai ya ce wa ɗansa, "Miƙo hannunka."

Ɗa ba ya musabaha da ubansa a gidan, don haka Baban Rumaisa ya ɗan yi jim kafin ya miƙa. Baba ya riƙe hannun da nasa biyu, masu kaushi da tabon wuta. Ya juya shi, ya bi tafin da babban yatsansa a hankali, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ikon Allah," ya ce. "Rabona da in ji hannun nan da laushi haka tun yana goye a bayan uwarsa."

Sai ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Ga shi nan, Badi'a. Yadda aka ba ni shi, haka na ba ki."

Ban san ya san sunana ba ma. Na sunkuyar da kai ina kuka. Direba ya yi hon a waje, Baba ya saki hannun ya ce mu tashi kada rana ta yi mana.

Ganinmu na ƙarshe da shi ke nan. Ya rasu a shekararmu ta biyu a nan, ta waya muka ji, kafin mu gama kuka an kai shi. Amma a ranar ba mu san haka ba. Abin da na sani kawai, muna zaune a bayan mota Rumaisa tana barci a cinyata, gonakin rake suna wucewa ta taga, Baban Rumaisa ya dunƙule hannun damansa ya ɗora a ƙirji. Har muka wuce Zariya bai buɗe shi ba.